Auspicious: Kalmar Fatan Alheri da Ta Samo Asali Daga Kallon Tsuntsaye a Tsohuwar Rum

Me mai jawabi yake nufi idan ya miƙe gaban taro ya buɗe baki da "on this auspicious occasion"? Kuma shin gaskiya ne abin da wasu ke cewa, wai kalmar ta 'yan duba ce, don haka bai dace mai imani ya furta ta ba? Waɗannan tambayoyi biyu suna tasowa duk lokacin da aka shiga kakar bukukuwa a Najeriya: rantsar da shugaban ƙasa da gwamnoni ranar 29 ga Mayu, yaye ɗalibai a jami'o'i, naɗin sarauta, ƙaddamar da littafi. Jama'a da dama sun ɗauka ma'anarta "muhimmi" ko "gagarumi". Wasu ɗalibai kuma suna rikita ta da suspicious, wadda ke nufin abin zargi. Duka biyun kuskure ne, kuma ba za a gane inda kuskuren yake ba sai an koma birnin Rum na ƙasar Italiya, fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Ma'anar kalmar a Turancin yau

Ana ce wa abu auspicious idan farkonsa ya nuna alamar ƙarshensa zai yi kyau. Kalma ce mai kallon gaba, tana magana ne a kan abin da aka fara amma ba a ga ƙarshensa ba tukuna. Ruwan farko da ya sauka a kan lokacinsa, ɗan kasuwar da ya yi ciniki mai kauri ranar da ya buɗe shago, ƙungiyar ƙwallon da ta ci wasanta na farko a gasa, duk waɗannan su ne muhallinta. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan ma'ana da bakinsa: Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

A nan ta bambanta da 'yan'uwanta. Fortunate ana faɗin ta ne ga wanda alherin ya riga ya same shi, kuma ta fito daga Fortuna, wadda Rumawa suka ɗauka allahiyar rabo. Fortuitous asalinta abin da ya faru kwatsam ba da shiri ba, ko mai daɗi ko mara daɗi. Lucky kuwa ba daga Latin ta fito ba, ta shiga Turanci ne daga harsunan yankin Holan da arewacin Jamus. Kishiyar kalmar tamu ita ce inauspicious, wato farkon da ke nuna alamar matsala.

Tsuntsu da kallo

A Latin, avis shi ne tsuntsu, specere kuma kallo ko dubawa. Da aka haɗa su sai aka sami auspex, mai kallon tsuntsu, da auspicium, aikin kallon kansa da kuma alamar da aka gani. Daga nan Faransanci ya ɗauka, Turanci kuma ya karɓi auspice a ƙarni na 16, kafin auspicious ta bayyana a ƙarshen ƙarnin.

Saiwoyin nan biyu ba baƙi ba ne a kunnenmu. Daga avis aka sami aviation, harkar jiragen sama. Daga specere aka sami inspector, wadda muka hausance ta koma sufeto, da kuma suspicious ɗin da ake rikitawa da ita, wadda asalinta kallon mutum ta ƙasan ido. Wato auspicious da suspicious uwa ɗaya suke, abin da ake kallo ne ya raba su. Mu ma a Hausa kalmar duba tana ɗauke da fuska biyu: duba littafi, da kuma zuwa wurin mai duba.

Yadda Rumawa suke kallon sama

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne zaton Rumawa suna neman sanin abin da zai faru gobe ne. Tambayar da suke yi ta fi haka ƙunci. Suna tambayar Jupita, babban abin bautarsu: ka yarda a yi wannan aiki yau, ko ba ka yarda ba? Amsar i ce ko a'a, kuma ta rana ɗaya ce. Idan an sami a'a yau, ana iya sake tambaya gobe.

Mai riƙe da muƙamin mulki shi ke da haƙƙin yin tambayar. Yakan tashi kafin asuba, ya zauna a keɓantaccen wuri, a shata wani yanki na sama da sanda mai lanƙwasasshen kai da ake kira lituus. Yankin da aka shata sunansa templum, kuma daga nan Turanci ya sami temple, ɗakin bauta. Duk tsuntsun da ya ratsa yankin ana lura da irinsa da inda ya fito da inda ya dosa. Wasu tsuntsaye tashinsu ake karantawa, kamar gaggafa da ungulu. Wasu kuma kukansu ake saurara, kamar hankaka da mujiya. Tsawa da walƙiya sun fi kowane tsuntsu ƙarfi, domin idan aka ji tsawa ana cikin taron zaɓe, to taron ya watse ke nan.

Akwai kuma majalisar masana wannan fanni da ake kira augur. Su ba sarakuna ba ne, aikinsu ba da fatawa idan an yi saɓani kan ko an bi ƙa'ida. Ba a fara zaɓe, ko zaman kafa doka, ko fita yaƙi sai an yi wannan kallo. Hatta ba wa mutum babban muƙamin addini ko tsarkake wani wuri yana buƙatar a nemi alamar, kuma wannan shi ake kira inauguratio. Ga asalin inauguration, kalmar da ake kiran bikin rantsar da shugaba da ita har yau.

Rumawa sun ɗora kafuwar birninsu kanta a kan wannan al'ada. Tatsuniyarsu, kamar yadda marubucin tarihinsu Libi ya kawo ta, ta ce tagwaye biyu, Romulus da Remus, sun yi jayayya kan wanda zai kafa birnin. Remus ya hau tudun Abentin ya ga ungulaye 6. Romulus yana kan tudun Falatin sai ya ga 12. Wannan ya ce shi ya riga gani, wancan ya ce nasa sun fi yawa. Rikicin ya ƙare da mutuwar Remus, aka sa wa birnin sunan Romulus, a shekarar da al'adarsu ta ƙidaya a matsayin 753 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin lura a labarin shi ne tun daga ranar farko alamar ba ta raba gardama ba. Kowa ya fassara ta yadda za ta ba shi sarauta.

Kajin da suka ƙi cin tsaba

A fagen yaƙi babu lokacin zama a jira ungulu ta gifta, don haka rundunonin Rum suna tafiya da kaji a keji, da mutum na musamman mai kula da su. Kafin a gwabza, sai a buɗe kejin a watsa musu abinci. Idan suka ci da zari har tsaba tana faɗowa daga bakinsu, alama ce mai kyau. Idan suka ƙi ci, sai a dakata.

A shekara ta 249 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin yaƙin farko tsakanin Rum da Kartaj, wadda kangonta yake a Tunisiya ta yau, shugaban Rum Fubliyus Kalaudiyus Fulka ya shirya kai hari da jiragen ruwa a Direfana, gaɓar yammacin tsibirin Sisili. Aka kawo masa labari kaji sun ƙi ci. Marubutan Rum sun ruwaito cewa ya sa aka jefa su cikin teku, ya ce tunda ba za su ci ba, to su sha. Ya shiga yaƙin, Kartajawa ƙarƙashin Adarbal suka kama masa jirage 93, ya tsira da kimanin 30. Da ya koma gida aka gurfanar da shi aka ci shi tara mai nauyi.

Rumawa sun daɗe suna ba 'ya'yansu wannan labari a matsayin sakamakon raina alama. Amma Bagirke masanin tarihi Folibiyus, wanda ya yi bayanin yaƙin dalla-dalla, bai ambaci kaji ba ko sau ɗaya. Abin da ya nuna shi ne jiragen Rum sun cushe a bakin tashar ruwa, abokan gaba suka matse su a jikin gaɓa, matuƙan Kartaj kuma sun fi gwaninta. A ganina bayanin Folibiyus ne ya kamata a riƙe. Mutumin da ya yi gaggawar jefa kaji a ruwa shi ne dai mutumin da ya yi gaggawar cusa jiragensa a ƙuntataccen wuri, kuma na biyun ne ya halaka mutanensa.

Wanda ya riƙe sama ya riƙe ƙasa

Nan ne maganar ta fi nauyi, domin kallon tsuntsu a Rum makamin mulki ne. A farkon jamhuriya, 'ya'yan manyan gidaje ne kaɗai ke da haƙƙin neman alama a madadin ƙasa. Lokacin da sauran jama'a suka nemi a bar su su yi auratayya da manyan gidaje, su kuma tsaya takarar shugabanci, hujjar da aka kawo musu ita ce ba su da gadon kallon tsuntsu, kuma idan jini ya gauraya, alamun za su gurɓata. Dokar da ta halatta auratayyar ta zo a shekara ta 445 kafin haihuwar Annabi Isa, amma sai a shekara ta 300 aka buɗe musu ƙofar majalisar augur, aka mai da kujerunta 9. An yi kusan ƙarni ɗaya da rabi ana wannan ja-in-ja.

Kuskure ƙanƙani a cikin al'adar yana iya rushe zaɓe sukutum. Shugabannin Rum biyu da aka zaɓa na shekara ta 162 kafin haihuwar Annabi Isa sun sauka daga muƙami bayan wanda ya gudanar da zaɓen ya rubuto cewa ya tuna ya tsallake wata ƙa'ida ta neman alama. Tun da abin yana da wannan ƙarfi, 'yan siyasa ba su bar shi ya kwana ba. A shekara ta 59, Yuliyus Kaisar yana shugabanci tare da abokin hamayyarsa Bibulus, domin Rum shugabanni biyu take zaɓa duk shekara. Kaisar ya kawo dokar raba filaye ga tsofaffin sojoji da matalauta. Da Bibulus ya kasa tare ta, sai ya kulle kansa a gida na tsawon watanni, yana aiko da sanarwa cewa yana kallon sama, abin da a ƙa'ida zai iya ɓata duk wani zaman kafa doka. Kaisar bai kula shi ba. Amma shekaru bayan haka abokan gabarsa suna ta kafa hujja da wannan cewa dokokinsa ba su inganta ba.

Su kansu manyan ba duka suka gaskata abin a zuci ba. Sisero, shahararren lauya kuma ɗan majalisa, an naɗa shi augur a shekara ta 53, amma a rubutunsa kan duba ya yi ƙorafi cewa ana tsare kajin ne da yunwa, to ina mamaki idan sun ci da zari? Ya kuma ba da labarin janar Marselus, wanda idan yana son zartar da wani aiki sai ya yi tafiya cikin rufaffen gadon da ake ɗaukar mutum a kafaɗa don kada idonsa ya faɗa kan mummunar alama, tun da a ƙa'idarsu alamar da ba ka gani ba ba ta hau kanka ba. Duk da haka Sisero ya ce a ci gaba da al'adar saboda amfaninta ga ƙasa da kuma abin da talakawa suka yi imani da shi. Wannan matsayi nasa shi ya fi damuna a duk labarin. Masani ya san abu ba shi da tushe, amma ya ga gara a bar jama'a a kai domin yana sauƙaƙa juya su.

Daga wannan tsari aka sami wata jimlar da muke gani a katunan gayyata da takardun ƙungiyoyi, "under the auspices of". A Rum, nasarar yaƙi ta wanda aka nemi alama da sunansa ce, ko da bai je fagen fama ba. Da Agustus, sarkin daular Rum na farko, ya tattara mulki a hannunsa, sai kusan duk janarori suka koma yaƙi a ƙarƙashin alamarsa, shi ke karɓar yabon. Mutum na ƙarshe da ba ɗan gidan sarauta ba da aka yi wa bikin shiga gari na nasara shi ne Korneliyus Balbus, a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan yaƙin da ya yi da Garamantawa a yankin Fezzan na Libiya ta yau. Shi ya sa jimlar a yau take nufin a ƙarƙashin inuwar wane, ko bisa kulawar wata hukuma. Laƙabin Agustus ɗin ma, wanda majalisa ta ba shi a shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa, tsoffin marubuta sun danganta shi da augur, kuma daga shi watan Agusta ya sami suna.

Al'adar ta mutu ne bayan daular ta karɓi addinin Kirista. Sarki Konstantiyus na biyu ya hana tuntuɓar masu duba a shekara ta 357 miladiyya, Tiyodosiyus kuma ya haramta bukukuwan bautar gumaka a 391 da 392. Aikin ya tafi, kalmomin suka zauna.

Larabawa ma sun bi tsuntsu

Wanda ya yi karatun hadisi zai ji wannan labari bai yi masa baƙo ba. Larabawan jahiliyya idan za su yi tafiya sukan kori tsuntsu, idan ya yi dama su tafi, idan ya yi hagu su fasa. Shi ya sa camfi a Larabci ake ce masa ɗiyara, daga ɗair, wato tsuntsu. Alƙur'ani ya yi amfani da wannan saiwa inda ya ba da labarin mutanen Fir'auna suna camfa Annabi Musa a suratul A'araf, da mutanen Annabi Salihu a suratun Namli, da mutanen alƙarya a suratu Yasin. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Anas, Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallama, ya kore ɗiyara, ya ce fa'al yana burge shi, da aka tambaye shi mene ne fa'al sai ya ce kalma mai daɗi. A Hudaibiyya, da ya ga Ƙuraishawa sun aiko Suhailu ɗan Amru, sai ya ce wa sahabbai al'amarinsu ya yi sauƙi, yana mai kyautata fata daga sunan mutumin. A wajen Kiristoci ma, Littafin Maimaitawar Shari'a sura ta 18 ya hana duba da bin alamu ƙarara.

Bambancin da malamai suka fitar a nan shi ne mabuɗin tambayarmu ta biyu. Abin da aka hana shi ne alama ta zama ita ke tura ka ko ta mai da kai gida. Abin da aka yarda da shi shi ne ka riga ka yi niyya ka dogara ga Allah, sai ka ji ko ka ga abin da ya ƙara maka ƙarfin gwiwa.

To, a furta ta ko a bar ta?

Masu cewa a guje ta suna da hujjar da ba a raina ba. Suna cewa harshe yana rainon zuciya, kuma kalmar da aka haifa a wurin bautar Jupita ba ta rasa ɗan ɓurɓushi. Suna ƙarawa da cewa a wasu ƙasashe har yau ma'anar duba tana nan da ranta a cikin kalmar, kuma gaskiyarsu ne: a Turancin Indiya da na al'ummomin Sin, idan aka ce "auspicious date" ana nufin ranar da masu lissafin taurari ko kalandar gargajiya suka zaɓa don aure ko buɗe kasuwanci.

Ɗaya ɓangaren yana cewa hukuncin kalma yana bin abin da masu magana suke nufi da ita yau. Shugaban jami'ar da ya ce auspicious a bikin yaye ɗalibai babu tsuntsu a ransa, fatan alheri yake yi, wanda ya fi kusa da fa'al. Idan kuma asali za a bi, to sai a daina cewa Janairu da Maris, domin sunayen gumakan Rum ne, Janus da Mars, a kuma sake wa bikin rantsar da shugaba suna a Turanci.

Ra'ayi na biyu ya fi ƙarfi a wurina, da sharaɗin a lura da muhalli. Idan kalmar tana siffanta kyakkyawan farko, babu laifi a cikinta. Idan tana nufin ranar da mai duba ya tsayar, to matsalar tana wurin mai duban da wanda ya je wurinsa, ko da wane harshe aka faɗe ta. Kuma mu ba mu da nisa da wannan. Kalmarmu ta sa'a daga Larabci take, inda take nufin lokaci, kuma kowa ya san abin da ake nufi idan aka ce an je neman sa'ar tafiya ko ta ɗaurin aure. Akwai masu fasa fita don kukan mujiya, akwai masu tsoron Larabar ƙarshen watan Safar, alhali hadisi ya ambaci mujiya da Safar da sunansu ya kore camfinsu. Akwai kuma masu neman muƙami da suke kashe dukiya wurin masu bugun ƙasa lokacin zaɓe. Wannan ya fi cancantar wa'azi da tsawatarwa fiye da kalmar da ke cikin takardar jawabi, domin shi ne yake cin kuɗin mutane, yake sa mara lafiya jinkirta zuwa asibiti, yake sa a ɗora wa wata baiwar Allah laifin farar ƙafa.

Ga ɗalibi, ɗan jarida da mai fassara

Ɗalibin da zai rubuta jarrabawar WAEC ko NECO ya riƙe cewa kalmar tana tafiya da farawa: farkon shekara, farkon aiki, farkon mulki. Ba a siffanta mutum da ita don a ce mai sa'a ne, kuma ba a sa ta a taron makoki ko na tunawa da wata masifa don kawai taron babba ne. Wannan kuskure na biyu yana faruwa a jawabai, kuma yana sa mai magana ya faɗi abin da bai yi nufi ba a gaban iyalan mamaci.

Mai fassara labarai zuwa Hausa kuma kada ya tsaya kan "muhimmin taro", domin ya zubar da rabin ma'anar. "Wannan rana mai albarka" ko "rana mai alamun alheri" sun fi kusa, "an fara da ƙafar dama" kuma ta dace da labarin wasanni ko kasuwanci. Idan labarin daga Indiya ko Sin ya fito, a fito da ma'anar fili a ce ranar da suka ɗauka ta sa'a ce bisa lissafinsu. "Under the auspices of" kuwa babu sa'a a cikinta ko kaɗan, sai a ce ƙarƙashin inuwar Majalisar Ɗinkin Duniya, ko bisa jagorancin ƙungiyar ECOWAS, gwargwadon wanda ya ɗauki nauyin taron.